Gida na nan, mai kwana babu: Yadda Wales ke fafutukar mayar da masaukan hutu gidajen zama

Hunturu ne ke tona asirin ƙauyukan bakin teku na Wales, ɗaya daga cikin yankuna huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya. Da bazara hanyoyinsu cike suke da motocin baƙi daga Manchester da Liverpool da Birmingham, shaguna na ciniki, kowace taga da haskenta. Da zarar Nuwamba ya kama, sai mutum ya bi layi tun daga farkonsa har ƙarshe bai ga fitila ba sai a gida ɗaya ko biyu. Sauran a kulle suke, kuma a gefen ƙofofi da yawa akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi inda ake ajiye wa baƙon mako mabuɗi. Wannan akwati shi ne shaidar cewa gidan ba na kowa ba ne a garin.

A 2021 jaridun Birtaniya sun yi ta ruwaito labarin Cwm-yr-Eglwys, wani ƙauye a gundumar Pembrokeshire, inda gidaje biyu kacal cikin kimanin 50 ke da mazauna na dindindin. A ƙarshen wannan shekarar aka rufe makarantar firamare ta Abersoch a gundumar Gwynedd, saboda yaran da suka rage ba su isa cika aji ɗaya ba. Garin bai talauce ba. Hasali ma yana cikin wuraren da gida ya fi tsada a Wales. Masu haihuwa ne suka kasa zama a cikinsa. Binciken ƙaramar hukumar Gwynedd ya nuna cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na mutanen gundumar ba su da ƙarfin sayen gida a cikinta.

Mai kallo daga nesa zai ce ai maganin a bayyane yake: ga gidaje a rufe, ga mutane na neman muhalli, a mayar da masaukan hutun gidajen zama mana. Gwamnatin Wales ta ɗauki wannan hanya da gaske tun daga 2021, lokacin da Dakta Simon Brooks na Jami'ar Swansea ya miƙa rahotonsa kan gidaje na biyu, kuma jam'iyyar Leba mai mulki a ƙarƙashin Mark Drakeford ta ƙulla yarjejeniyar aiki tare da jam'iyyar Plaid Cymru. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa mayar da ɗakin baƙo gidan iyali ya fi ƙarfin sauya allon da ke ƙofa.

Gidan hutu iri biyu ne

Kafin a fahimci rikicin sai an raba gidajen gida biyu, domin doka ba ta yi musu kallo ɗaya ba.

Na farko shi ne gidan cikin gari, wanda asalinsa na masunci ne ko na mai haƙar dutse, wani mai hali daga birni ya saya don ya riƙa zuwa shaƙatawa, ko ya sa shi a Airbnb. Wannan a wurin doka gida ne tun fil azal. Idan mai shi ya ga dama, gobe ma zai iya ba iyali haya ko ya sayar wa ɗan gari.

Na biyu ya fi sarƙaƙiya, kuma shi ne ainihin abin da jami'an tsara ƙasa ke fama da shi: tsohon rumbu, ko bargar dawaki, ko ɗakin tatsar shanu da manomi ya gyara ya mayar masauki. Tun daga dokar tsara birane da karkara ta 1947, mallakar fili a Birtaniya ba ta ba mutum ikon gina abin da ya so a kansa; sai da izinin hukuma. Ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan tsari shi ne hana gidaje warwatsuwa a tsakiyar gonaki, nesa da makaranta da asibiti da motar haya. Amma da noma ya daina ciyar da ƙananan manoma, musamman bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001 wadda ta sa aka karkashe dabbobi sama da miliyan 6, sai hukumomi suka shiga ƙarfafa musu guiwa su nemi wata hanyar samun kuɗi. Aka ce su gyara tsoffin gine-ginensu su saukar da 'yan yawon buɗe ido. An ba su izini, amma da sharaɗi a rubuce: ginin na hutu ne kawai, ba zai zama mazaunin kowa na dindindin ba. A wasu wuraren har ana iyakance kwanakin da baƙo ɗaya zai yi, ana kuma wajabta ajiye littafin sunayen baƙi da adireshin gidajensu na asali, don jami'i ya duba duk lokacin da ya so.

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar mallakar fili a Abuja ya san irin wannan layi da ke fayyace abin da aka ba da filin dominsa, ya kuma san cewa sauya shi sai an koma ofis. Bambancin shi ne a can sharaɗin yana bin ginin ko da an sayar da shi sau goma, kuma ana bibiyarsa.

Bulalar haraji

Shekara da shekaru akwai wata ƙofa da masu gidajen hutu ke bi su kuɓuce wa haraji. Gidan zama yana biyan harajin gida ga ƙaramar hukuma. Gidan da aka yi wa rajista a matsayin kasuwanci kuwa harajin kasuwanci yake biya, kuma galibin ƙananan masaukai suna samun rangwamen da ke shafe shi baki ɗaya. Abin da ake buƙata a Wales a da shi ne gidan ya kasance a shirye don haya kwana 140 a shekara, a kuma ba da shi haya kwana 70. Wato mai gida na biyu zai saukar da baƙi makonni goma, ya more sauran shekarar da iyalinsa, bai biya ko kwabo na kwashe shara da gyaran hanya ba, alhali tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi tana biyan nata cif.

Daga Afrilun 2023 aka ɗaga ma'aunin: a shirye kwana 252, a hannun baƙi kwana 182. Wanda ya gaza, gidansa ya koma layin harajin gida. A wannan watan kuma aka ba ƙananan hukumomi ikon ɗora ƙarin da zai iya kai kashi 300 cikin 100 a kan gidaje na biyu, maimakon kashi 100 da aka ƙayyade a da. Gwynedd ta tsaya a kashi 150. Lissafin ba wuya: gidan da harajinsa fam 2,000 ne, mai shi zai biya fam 5,000. Pembrokeshire ta kai kashi 200 a 2024, sannan ta sauko 150 bayan shekara guda da koke-koke suka yi yawa. Ingila ta biyo baya da nata ƙarin na kashi 100 daga Afrilun 2025, watan da gwamnatin tsakiya a Landan ita ma ta soke sassaucin harajin kuɗin shiga da masu masaukan hutu suka daɗe suna mora.

Ga gidan cikin gari, saƙon a fili yake: ko ka yi kasuwanci na gaske, ko ka biya, ko ka saki gidan. Ga manomin da ke can cikin tsaunuka kuwa, gaba kura ce baya siyaki. Kwana 182 rabin shekara ne, kuma ba kowa ke marmarin kwana a gona mai laka a watan Janairu ba. Bai cika kwanakin ba, kuma takardar izininsa ta hana shi ba malamar makarantar ƙauyen haya ko da tana tsaye a ƙofarsa da kuɗi a hannu. Gwamnati ta ga wannan tarko, ta cire irin waɗannan gine-gine daga biyan ƙarin. Sai dai ba ta cire su daga harajin gidan kansa ba, kuma kowane ɗaki da aka ware ana lissafa shi gida guda. Manomin da ya raba tsohon rumbunsa huɗu zai iya tashi da takardun haraji huɗu, ban da ta gidan da yake kwana.

Mai aikin rubuta manufofi zai gane inda gizo ke saƙa. Ofishin haraji yana tura mutum ya fita daga harkar hutu, ofishin tsara ƙasa yana riƙe da ƙofar da zai fita. Kowanne yana bin dokarsa daidai.

Neman cire sharaɗi

Doka ta tanadi hanya. Sashe na 73 na dokar tsara ƙasa ta 1990 ya ba mai gini damar neman a cire ko a sassauta sharaɗin da ke kan izininsa. Idan ƙaramar hukuma ta ƙi, yana iya ɗaukaka ƙara gaban sufeto mai zaman kansa. Amma tambayoyin da ake yi masa ba na wasa ba ne.

Da fari sai ya tabbatar cewa kasuwancin ya mutu da gaske, ba shi ya shaƙe shi ba. Hukumomi da dama na neman littattafan kuɗi, da shaidar cewa an tallata wurin a matsayin masauki na tsawon lokaci, galibi shekara guda, a farashi mai ma'ana, kuma babu wanda ya taya. Dalilin wannan tsauri shi ne kuɗi. Ginin da ke ɗauke da sharaɗin hutu ya fi araha nesa ba kusa ba, domin bankuna ba sa ba da bashin sayen gidan zama a kansa. Ranar da aka goge layin nan ɗaya, darajarsa ta yi tsalle ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Jami'ai na tsoron kada abin ya zama ƙofar baya: mutum ya san ba za a ba shi izinin gida a tsakiyar gona ba, sai ya nemi na masauki, ya yi shekara biyu yana kukan babu ciniki, sannan ya dawo neman abin da yake so tun farko. Idan aka yarda wa ɗaya, maƙwabcinsa zai zo da takardar hukuncin a hannu.

Bayan haka sai a dubi ginin kansa, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa bisa gaskiya. Ɗakin da ya ishi mutum mako guda da jakarsa ba lalle ne ya ishi iyali shekara ba. An tsara shi ba wurin ajiya, ba tsakar gida ta kansa, tagarsa na kallon ta maƙwabci. Bangon dutse da ke ba baƙo sha'awa a watan Agusta yana shan kuɗin ɗumama ɗaki a Fabrairu. Baƙo na jin daɗin kukan shanu da ƙarar tarakta da asuba, har ya ɗauki hoto. Mazaunin dindindin kuwa takardar ƙorafi zai rubuta, kuma manomin ne zai kwana ciki. Hanyar da ke zuwa gonar siririya ce, ba fitila, ba motar haya, don haka duk wanda zai zauna sai da mota, wataƙila biyu.

Akwai kuma batun bahaya, wanda ba a cika kawo shi a taron siyasa ba amma ya tsayar da ayyuka masu yawa. Galibin waɗannan gine-gine ba sa kan bututun gari, sokawe suke amfani da shi. A Janairun 2021 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Wales ta tsaurara ƙa'idar sinadarin fosfet da ke shiga koguna masu kariya irin su Wye da Usk da Teifi, kuma tun daga lokacin duk wani gini da zai ƙara ƙazantar ruwa a yankunansu sai ya nuna yadda zai magance ta. Gidan da ake kwana a cikinsa dare 365 ya fi wanda ake kwana dare 100 zubar da ruwa.

A Ingila abin har da ban dariya. Tun 2014 manomi na iya mayar da rumbun da ke cike da ciyawa gidan zama ba tare da cikakken izini ba, muddin ba a cikin gandun shaƙatawa na ƙasa ko makamancinsa yake ba. Amma rumbun da aka riga aka gyara, aka sa masa ruwa da wuta da rufi mai kyau don baƙi, bai cancanta ba a ƙa'idar da aka fara da ita, saboda ya bar aikin gona. Wanda ya bi shawarar gwamnati da wuri shi ne ya makara. Wales ba ta ɗauki wannan sassauci ba ko kaɗan.

Wasu kan zaɓi hanyar shiru: su sa ɗan haya su yi gum. Doka ta ce idan aka karya sharaɗi shekara 10 a jere ba tare da hukuma ta ɗauki mataki ba, mai ginin na iya neman takardar halasci. Ɗan hayan da ya yarda da wannan tsari yana zaune ne a kan siraɗi, domin wasiƙa ɗaya daga maƙwabci ta isa ta raba shi da makwancinsa. Haka abin yake a filayen gidajen tafi-da-gidanka na bakin teku masu lasisin hutu, inda tsofaffi kan sayar da gidajensu su tare, sai daga baya su gane cewa kariyar da doka ta ba mazauna na dindindin ba ta shafe su ba.

Ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya

Mataki mafi ƙarfi ya zo a Oktoban 2022, lokacin da Wales ta raba abin da a da ake kira gida kawai zuwa aji uku: mazaunin dindindin, gida na biyu, da masaukin ɗan gajeren lokaci. Mutum na iya sauyawa tsakaninsu yadda ya so, sai fa inda ƙaramar hukuma ta janye wannan dama da wani umarni na musamman. Gwynedd ce ta fara janyewa, daga 1 ga Satumban 2024. Hukumar gandun Eryri, inda dutse mafi tsawo a Wales yake, ta bi sahu a Yunin 2025. Tsarin shi ne komawa gidan zama kyauta ne, fita daga cikinsa kuwa sai da izini. Garin St Ives da ke Cornwall ya yi wani abu mai kama da haka tun 2016, inda sama da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince kada a sayar da sabon gini sai ga wanda zai zauna a ciki.

Dabarar na da kyau a takarda, amma tana da ƙaya. Mai masaukin da ke tunanin gwada ba ɗan gari haya na shekara guda yanzu ya san cewa idan ya shiga ba lalle ya iya fitowa ba, don haka ya gwammace ya bar gidan a rufe da hunturu. Dokar haya ta Wales da ta fara aiki a Disamban 2022 ta ƙara masa dalili: sallamar ɗan haya ba tare da laifi ba na buƙatar sanarwar wata shida, kuma ba a ba da ita a watanni shida na farko. Kariya ce da 'yan haya suka cancanta. Amma mai gidan da ke iya samun kuɗin wata guda a mako ɗaya na bazara, daga baƙon da zai tafi ranar Asabar ba gardama, shi ma yana da nasa lissafin.

'Yan gari ma ba bakinsu ɗaya ba. Wasu masu gida ɗaya tilo sun ga cewa an rage masu sayen da za su iya taya musu, wato an rage darajar abin da za su bar wa 'ya'yansu. Irinsu ne suka tara kuɗi suka kai ƙaramar hukumar Gwynedd kotu, kuma a 2025 Babbar Kotu ta ba su gaskiya. Ba ta ce manufar haramun ba ce. Ta ce rahoton da jami'ai suka gabatar wa shugabannin ƙaramar hukumar bai fayyace musu iyakar ikon da umarnin zai ba su ba, don haka shawarar da suka yanke a kansa ba ta tsaya ba. Aikin shekaru ya tuntsure a kan yadda aka rubuta takardar bayani.

Wa zai saya?

Ko da an ci nasarar fito da gida kasuwa, saura tambaya mafi wuya. Allunan sayarwa sun ƙaru a garuruwan bakin teku tun da haraji ya hau, ko da yake wasu dabara ce, domin gidan da aka sa a kasuwa ana ɗage masa ƙarin na shekara guda. Waɗanda ake sayarwa da gaske kuwa da yawansu manya ne masu kallon teku, kuma ko an zabtare farashinsu ba za su sauko inda albashin ma'aikaciyar jinya ko mai aikin otal zai kai ba. Wanda ke da kuɗin sau da yawa ɗan fansho ne daga Ingila da ya sayar da gidansa na birni. Idan ya tare, a takarda an samu ƙarin mazauni na dindindin, fitila ta kunnu da hunturu, kanti ya samu mai ciniki. Makaranta dai ba ta samu yaro ba.

A Gwynedd wannan ya wuce batun muhalli. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu jin harshen Cymraeg a Wales sun ragu daga kashi 19 cikin 100 zuwa 17.8, alhali gwamnati na da burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050. A Gwynedd kimanin kashi 64 ne ke jin sa, kuma ƙauyukan da gidajen hutu suka fi cinyewa suna cikin inda harshen ya fi ƙarfi a kasuwa da coci da filin wasa. Zafin abin tsoho ne. Daga Disamban 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiya ta ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta kai hare-haren ƙone-ƙone sama da 200, galibi kan gidajen hutu. 'Yan siyasar da ke rubuta dokokin yau sun tashi da labarin wannan wuta.

Masu harkar yawon buɗe ido na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Masaukin da ke cike rabin shekara yana ciyar da mai shara da mai wanki da mahauci da mai gidan abinci, kuma a wasu ƙauyukan babu wani aikin bayan wannan. Ga alama kuskuren da aka fi yi a muhawarar shi ne haɗa gida na biyu da ke kulle wata goma da rumbun manomin da bai taɓa zama gidan kowa ba. Na farko an ɗauke shi ne daga hannun gari, kuma matsa masa da haraji adalci ne. Na biyu ƙari ne da aka yi, kuma idan kasuwarsa ta mutu, barin sa a rufe don kare ƙa'ida ba ya amfanar kowa. Hanyar da ta fi kama hankali ita ce wadda wasu hukumomi, musamman na gandun shaƙatawa, ke bi: a cire sharaɗin hutu, a maye gurbinsa da yarjejeniya a ƙarƙashin sashe na 106 cewa ɗan yankin ne kawai, ko mai aiki a cikinsa, zai saya ko ya karɓi haya. Wannan na riƙe farashi a ƙasa, yana kuma kashe kwaɗayin masu bin ƙofar baya. Matsalarsa ita ce bankuna na ɗari-ɗari da irin wannan gida, domin idan mai bashi ya gaza, masu sayen da za a iya sayar wa kaɗan ne. Ƙaramar hukumar Gwynedd ta kuma shiga kasuwa da kanta, tana amfani da wani kaso na kuɗin ƙarin harajin wajen sayen gidaje tana ba 'yan gari haya.

A 2025 majalisar dokokin Wales ta zartar da dokar da ta wajabta yi wa duk wani masaukin baƙi rajista, daga otal har ɗakin da ke bayan gona, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon karɓar fam 1.30 a kan kowane baƙo a kowane dare a galibin masaukai. Ba za a fara karɓar kuɗin ba kafin 2027, kuma kowace ƙaramar hukuma sai ta tuntuɓi mutanenta kafin ta ɗora shi.